Ɗan Da Ke Koyon Sana'a A Soja: Me Ya Rage A Wuyan Iyayensa?

 Ina gode wa malamanmu na Hausa da suka ba ni wannan fili. Maganar da zan yi a cikin gidanmu ta faru, kuma sai da na nemi izinin mahaifina kafin in rubuta ta. Ya ce in rubuta, ko Allah zai sa wani ya tsira daga kuskuren da muka yi.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, idan yaro ya shiga aikin soja aka tura shi makarantar koyon sana'a, babban taimakon da iyayensa za su yi masa shi ne su sauke masa kayan gida daga kansa har ya gama. Kada su yi ta kuka kamar ya mutu, kada kuma su yi ta miƙa masa hannu kamar ya zama attajiri. Ɗalibi ne kamar mu, sai dai shi kaki yake sawa, kuma horonsa ya fi namu tsanani nesa ba kusa ba.

Ran da sunan yayana ya fito cikin waɗanda aka ɗauka, gidanmu ya rabu biyu. A cikin gida Inna ta kwana uku tana kuka, matan unguwa suna shigowa ɗaya bayan ɗaya suna cewa, "Sai haƙuri," kamar an yi rasuwa. A ƙofar gida kuwa maza suna ta yi wa Baba barka, suna cewa, "Malam, ai ka huta, ɗanka ya kama aikin gwamnati." Ni dai a lokacin ina aji uku, ban san wanda zan bi ba. Yanzu na gane duka ɓangarorin biyu ba su san abin da Yaya ya tafi yi ba, shi ya sa kowannensu ya ɗora masa nasa irin nauyin.

Bari in bayyana abin da na fahimta game da wannan horo, domin da yawa daga cikinmu da an ce soja, bindiga da fareti kaɗai muke hangowa. Wanda aka ɗauka aikin sojan ƙasa a matsayin kurtu yakan fara ne daga makarantar horar da kurata, irin ta Zariya da ake kira Defo, wadda aka kafa tun 1924. A can yakan yi kamar wata shida yana koyon ainihin aikin soja, watau biyayya da juriya da fareti da sarrafa makami. Bayan ya fita ne ake rarraba su zuwa sassa dabam-dabam, wasu kuma a tura su koyon sana'a. Akwai makarantar sojoji masu gyaran motoci da injuna da kayan lantarki a Auchi ta Jihar Edo. Akwai ta injiniyoyin soja masu gina gada da hanya a Makurɗi. Akwai ta masu aikin sadarwa a Apapa ta Legas. Su kuma sojojin sama suna da cibiyarsu ta koyon fasaha a Kaduna, wadda ta samo asali tun 1977, inda ake koyar da gyaran jiragen sama da kula da su. Har ila yau akwai Makarantar Soja ta Zariya, wadda aka buɗe a 1954, mai ɗaukar yara ƙanana su yi sakandare tare da horon soja. Ke nan gidajen da ke da ɗa a irin waɗannan wurare ba kaɗan ba ne.

Yayana Auchi aka tura shi koyon gyaran manyan motoci. Da ya zo hutu ya nuna mini littattafansa, sai na ji kunya, domin abubuwan da nake gudu a ajinmu na lissafi da kimiyya su ne ya tarar suna jiransa a can. Shi ya bayyana mini cewa injin fetur yana da fulogi mai ba da tartsatsin wuta, amma injin dizal ba shi da shi. Iska ce fistin yake matsewa har ta yi zafi ƙwarai, sa'an nan a feso mai a kanta ya kama da kansa. Don haka idan iska ta shiga bututun mai, ko matatar mai ta toshe da datti, injin ba zai tashi ba ko za a kwana ana murza shi. Ya nuna mini yadda ake haɗa batir biyu masu bolt 12 a jere su ba da bolt 24 da manyan motoci ke bukata, da abin da zai faru idan aka juya waya. Duk wannan yana koyonsa ne bayan ya tashi tun kafin asuba ya yi gudu da fareti. Da rana yana aji ko yana ƙarƙashin mota cikin baƙin mai, da dare kuma wani lokaci gadi ya faɗo kansa, ga jarrabawa tana tafe. Mu nan makarantar kwana idan an tashe mu sallar asuba da sanyi muna gunaguni. To, ku auna ku gani.

Kuma kada mu ɗauka wannan karatu wasa ne. Tun daga 2009 sojojin ƙasar nan suke fama da rikicin Boko Haram a arewa maso gabas, ga kuma 'yan bindiga a dazuzzukan arewa maso yamma. Motar da ta ɗauki sojoji talatin ta shiga daji, idan birkinta ya shanye ko injinta ya mutu a wurin da bai kamata ba, rayuka talatin ne suka shiga haɗari. Wanda ya ɗaure wannan birki, ko ya duba wannan injin, rayukan abokansa ne a hannunsa. Saboda haka mai koyon irin wannan aiki yana bukatar hankalinsa duka, ba rabi a aji rabi a gida ba. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa.

Ga abin da ya faru a gidanmu. Da Yaya ya fara karɓar albashi, sai labari ya bazu cikin dangi. Damina ta kawo kai, Baba yana son taki. Kawu zai aurar da 'yarsa, yana son gudummawa. Gwaggo tana son kuɗin magani. Ni kaina, tun da na yi niyyar faɗin gaskiya, na nemi takalmin makaranta da kuɗin kashewa har sau biyu. Da yake a lokacin ina gida hutu, ni ne marubucin saƙonni. Kowa ya zo sai ya ce, "Zo ka rubuta wa yayanka," ni kuwa in karɓi waya in rubuta. Bayan roƙon kuɗi kuma akwai ƙorafe-ƙorafe. Idan an yi cacar baki a kan iyakar gona sai a gaya masa. Idan Inna ta yi zazzaɓin kwana biyu sai a ce masa tana kwance ba ta ko iya tashi. Ita ma Inna duk sa'ad da ya bugo, da ta ji muryarsa sai kuka, tana cewa ya dawo gida hakanan, Allah ba zai hana shi abin da zai ci ba. Shi kuwa bai taɓa cewa babu ba. Ashe har bashi yake ci wurin abokansa yana turowa, don kada a ce ya samu duniya ya manta da gida.

Wata rana da dare, muna zaune a tsakar gida, sai ya bugo wa Baba. Muryarsa ta canza har ban gane shi ba da farko. Ya ce ya faɗi wata jarrabawa, an ba shi dama ya sake, amma shi ya gaji, kansa ba ya ɗaukar komai, gara ya tattara ya dawo ya kama noma. Baba ya yi shiru, sa'an nan ya ce ya dakata sai gobe. Daren nan na ji shi yana ta juyi bai yi barci ba.

Da gari ya waye ya ɗauke ni muka tafi wurin wani tsohon soja da ke garinmu, wanda ya yi ritaya da muƙamin saje, yanzu yana da garejinsa a bakin tasha. Baba ya kwashe labari duka ya gaya masa. Dattijon nan ya goge hannunsa da tsumma, ya ce, "Malam, kai manomi ne. Ka taɓa ɗaura wa ɗan maraƙi garma?" Baba ya ce a'a. Ya ce, "Don me?" Baba ya ce, "Ai sai ya karye, kuma ba zai ƙara moruwa ba." Ya ce, "To, abin da kuka yi wa yaron nan ke nan." Sa'an nan ya gargaɗe mu cewa aikin soja ba kamar zaman shagon tela ba ne da yaro zai yi fushi ya tafi gida. Wanda ya bar wurin aikinsa ba da izini ba ya yi laifi a dokar soja, kuma akwai hukunci a kansa. Watau da Yaya ya bi kukan Inna ya gudo, da ya rasa sana'ar, ya kuma jawo wa kansa wata fitinar.

Ban taɓa ganin Baba ya sunkuyar da kai gaban wani kamar ran nan ba. Da muka koma gida ya tara kowa, har da Kawu da Gwaggo. Ya ce daga yau har ran da yaron nan zai gama, kada wanda ya sake neman ko sisin kwabo a wurinsa, kuma duk wani saƙo sai ya biyo ta hannunsa. Kawu bai ji daɗi ba, har ya yi wata guda ba ya shigowa gidanmu. Baba ya sayar da akuya biyu ya sayi takinsa, wanda bai kai rabin abin da yake so ba. Ya kira Yaya ya ce masa, "Laifinmu ne, ba naka ba. Ka biya bashin da ke kanka, ka riƙe sauran ka ci abinci, ka sake jarrabawarka. Gida ni ne da shi, kuma ban mutu ba." Ya kuma roƙi Inna cewa in za ta yi kuka ta yi bayan an kashe waya. Ta yi alkawari, ta kuwa cika, ko da yake na sha ganinta ta shige ɗaki da sauri bayan sun yi sallama. A maimakon kuka sai ta koma daka masa yaji da soya ƙuli-ƙuli, ana ba direbobin da ke bin hanyar Lokoja da Okene su kai masa.

Tun daga nan aka tsayar da lokaci ɗaya na waya, ran Lahadi da yamma idan ba ya bakin aiki. Baba bai san komai game da inji ba, amma kullum sai ya tambaye shi, "Me aka koya muku wannan mako?" Shi kuwa sai ya yi ta bayani, Baba yana cewa, "Ikon Allah!" Daga baya Yaya ya gaya mini cewa wannan tambaya ta fi masa kome daɗi, domin ita ce ta nuna masa an ɗauki abin da yake yi da daraja. Cikin ikon Allah ya sake jarrabawar ya ci. Da ya zo hutu ya tarar injin niƙan unguwarmu ya yi kwana tara a tsaye, mata suna zuwa wata unguwa da kwanukansu a ka. Ya tuɓe riga ya duba, ya wanke matatar mai, ya fitar da iskar da ta shiga bututu, kafin la'asar injin ya tashi. Matan nan da suka zo yi wa Inna jaje su ne suka dawo suna sa masa albarka.

Daga wannan abu na fitar da shawarwari huɗu da nake roƙon iyayenmu su duba. Na farko, su nemi sanin abin da ɗansu yake koyo, da tsawon lokacin da zai ɗauka, da ranakun jarrabawarsa. In ba su sani ba su tambayi tsofaffin sojoji, ai kusan kowane gari akwai su. Na biyu, su ɗauki albashin mai koyo a matsayin guzurinsa, su kuma tare masa dangi, domin yaro ba zai iya ce wa kawunsa babu ba, amma uba zai iya. Na uku, su tace labarin da za su kai masa, kada kowace ƙaramar rigima ta bi shi har aji. Na huɗu, su yawaita addu'a da kalmomin ƙarfafa zuciya, kuma idan ya faɗi jarrabawa kada su zage shi, kada kuma su ce ya dawo gida. Su tuna masa cewa sannu ba ta hana zuwa.

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma maganarsu abin saurare ce. Wani zai ce, "Kai yaro, ba ka san talauci ba. Uban da ya sayar da hatsinsa ya ilimantar da ɗa, yanzu ɗan ya samu albashi ka ce kada ya taɓa?" Gaskiya ne hakkin iyaye a kan 'ya'yansu babba ne, addini ya faɗa, al'ada ta faɗa. Ni ma ban ce kada ɗa ya taimaki iyayensa ba. Idan babu abinci a gida, ko rashin lafiya mai tsanani ya samu, dole ya taimaka. Abin da nake cewa shi ne a bambanta tsakanin larura da sha'awa, a kuma yi haƙuri na ɗan lokaci. Bikin 'yar kawu da takalmin ƙane suna iya jira. Wanda ya cinye irinsa da rani, me zai shuka da damina? Yayana yanzu yana turo wa Baba wani abu kowane wata ba tare da an tambaye shi ba, kuma ba da bashi ba.

Wani kuma zai ce tace labari ai ɓoye gaskiya ne, kuma idan yaro ya gane ana ɓoye masa zai daina yarda da gida. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ban yarda a yi masa ƙarya ba. Idan an yi rasuwa, ko wani babban abu ya faru, hakkinsa ne ya sani, kuma ya fi kyau ya ji daga bakin mahaifinsa da ya tsinta a bakin wani. Amma akwai bambanci tsakanin gaya wa mutum abin da ya wajaba ya sani da juye masa kwandon damuwa alhali yana nesa, ba abin da zai iya yi a kai sai rashin barci.

Sai maganar tsoro, wadda ita ce ta fi nauyi. Ba zan ce wa kowace uwa aikin soja ba shi da haɗari ba, domin mai gyaran mota ma soja ne, kuma inda motar ta shiga can zai bi ta. Kowace shekara ran 15 ga Janairu ana tunawa da mazan jiya, kuma akwai gidajen da wannan rana take tayar musu da miki. Tsoron Inna tsoro ne na gaskiya. Sai dai wurin nuna shi tun kafin yaro ya cika takarda ne, lokacin da za a zauna a yi shawara, a yarda ko a ƙi. Idan an riga an sa masa albarka ya tafi, kukan da za a riƙa yi masa a waya ba zai rage haɗarin ba, sai dai ya raba masa hankali, raba hankali kuwa shi kansa haɗari ne ga mai wannan aiki. Wannan magana ta shafi iyayen 'ya'ya mata ma, tun da su ma ana ɗaukarsu aikin soja, kuma surutun da ake yi musu ya fi na maza yawa.

Ya kamata kuma iyaye su tuna cewa kaki ana tuɓe shi wata rana, amma sana'a tana bin mutum har tsufansa. Kakanninmu da aka kai yaƙin Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945, da yawansu sun dawo da sanin tuƙi da gyaran mota, suka ci abinci da shi. Sajen da ya ba Baba shawara ya bar aiki da daɗewa, amma ga shi da garejinsa, da yara shida suna koyo a ƙarƙashinsa. Har ma akwai cibiya a Oshodi ta Legas da ake koya wa sojoji masu shirin ritaya sana'o'in da za su riƙe kansu da su. Wanda ya riga ya ƙware tun yana saurayi kuwa, ai ya riga su kwana.

Daga ƙarshe ina da magana da ku 'yan'uwana ɗalibai. Da yawanmu muna da yayye a irin waɗannan makarantu, kuma mu ne masu rubuta saƙonnin gida. Kafin ka rubuta, tambayi kanka ko saƙon nan zai ƙara wa yayanka ƙarfi ko zai karya shi. Ni na rubuta waɗanda suka kusa karya nawa, har yau kuwa in na tuna takalmin nan sai in ji ba daɗi. Waɗanda kuma suke da niyyar shiga soja bayan sun gama, su riƙe lissafi da kimiyya da hannu biyu tun yanzu. Su kuma gaya wa iyayensu cewa hukumar soja takan sanar a kai a kai cewa neman shiga aikin kyauta ne. Duk wanda ya zo ya ce a ba shi kuɗi zai samo gurbi, to, a yi hattara da shi. A garinmu akwai wanda ya sayar da sansa na noma ya ba wani mai irin wannan alkawari, har yau ba san ba gurbin.

Iyayenmu, kun riga kun yi mai wuyar, tun da kuka iya sallama ɗanku ya tafi. Abin da ya rage shi ne haƙurin watanni, da riƙe gida yadda zai samu natsuwar karatu. In kun ga gemun maƙwabcinku ya kama da wuta, ku shafa wa naku ruwa. Namu ya kama, Allah Ya taimake mu muka kashe da wuri.

Allah Ya kare 'yan'uwanmu da ke bakin aiki da masu koyo, Ya ba iyayenmu haƙuri da ladan haƙuri, mu kuma Ya ba mu sa'ar jarrabawarmu. Amin. Haza wasalam.

Daga wani ɗalibin aji biyar